A Gaishe da Gwanayen Rufin Asiri

Mai neman a koya masa riƙe sirri ya je wurin manyan bankunanmu. Masu kutse su shiga kwamfutocin banki daren Juma'a, su kwashi rabonsu, ranar Litinin manaja ya fito tsaf cikin kwat ya ce 'yar matsalar netwok ce aka samu. Madalla da wannan dattako! Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin burgewar ma shi ne, har maƙwabci ba a gaya wa. Bankin da aka yi wa ta'adi ya san imel ɗin bogin da aka yaudari ma'aikacinsa da shi, ya san lambobin asusun da aka zuba kuɗin. Da ya tsegunta wa sauran bankuna a daren, da an toshe asusun kafin a kwashe kuɗin a hannun masu POS. Amma haba, a ce abokin gasa ya ji? Gara shi ma ya ɗanɗana mako mai zuwa, a yi raba-daidai.

Babban Bankin Najeriya kuwa sai shisshigi. Tun 2018 ya ce a kai masa rahoton kutse cikin awa 24. Gyaran dokar laifukan intanet na 2024 ya rage wa'adin sanarwa daga kwana 7 zuwa awa 72. Sannunku da haƙuri da wannan takura, musamman ku da kuka iya raɗa wa kutse suna "gyaran na'ura" don kada a fara ƙirga awanni.

Kuna da magabata a harkar. A Janairun 2015 an sace kimanin dala miliyan 12 daga Banco del Austro na ƙasar Ekwado ta hanyar SWIFT, tsarin tura kuɗi tsakanin bankunan duniya, bankin ya yi gum, ko SWIFT ɗin bai sanar ba. A Fabrairun 2016 aka bi irin wannan hanya aka yashe dala miliyan 81 na Babban Bankin Bangaladash.

Ɓarayin ne dai ba su da tarbiyya. Kowace kafa suka gano, sai sun baza wa juna a Telegram. Ita kuwa mai ƙosan da aka kwashe mata kuɗin adashi cikin dare, an miƙa mata fom ta cike, an kuma tabbatar mata cewa ita ce ta ba wani lambar sirrinta.