Ciwon Hannun Mai Busa Sarewa

Ciwon hannun mai busa sarewa ya fi kama masu koyon sarewar ƙarfe ta Turawa, wadda Theobald Boehm ya tsara a birnin Munich na Jamus a 1847. Sarewar kara da makiyayi ke busawa a bayan shanu ba ta da wani nauyi, ramukanta ma kaɗan ne. Ta Boehm kuwa tsawonta ya kai santimita 67, nauyinta ya kusa rabin kilo, ga maɓallai birjik, kuma a gicciye ake riƙe ta zuwa dama.

Wurare uku ne ke ɗauke da ita: haɓa, gindin manunin hagu, da babban yatsan dama. Sauran yatsun aikinsu taɓa maɓalli. Mai koyo bai yarda da wannan rabon aiki ba. A ganinsa abin da aka saya da tsada ba a barinsa a wurare uku kacal, don haka yatsu goma yake sawa ya damƙe ta kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa.

Gindin manunin hagu ne ke fara ƙorafi. Wurin ya yi ja, ya yi kanta, mai koyo kuma ya riƙa nuna wa mutane a matsayin shaidar ƙwarewa. Daga nan ciwon ya koma babban yatsan dama. Jijiyoyin da ke motsa shi suna bi ta gefen wuyan hannu, idan aka matsa musu sai su kumbura. Wani likitan fiɗa ɗan Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana wannan ciwo a 1895, har yau da sunansa ake kiransa. A wannan matsayi murɗa makulli ko ɗaga buta ya zama aikin da ake yi da salati. Idan kuma aka daɗe ana lanƙwasa wuyan hannu, jijiyar da ke ratsa tsakiyarsa takan matsu, sai babban yatsa da manuni da na tsakiya su mutu cikin dare, a farka ana yarfe hannu.

Magani na farko da mai koyo ke nema shi ne man zafi. Ya lafta wa yatsu, ya ɗauki sarewa, ta yi santsi, ya ƙara damƙa. Can ya goge wurin hurawa da yatsa ya kai baki. Leɓe ya ɗauki raɗaɗi, ido ya kawo ruwa, ya kai hannu zai share, nan kuma aka buɗe sabon babi. Sarewar kanta takan yi mako tana warin mai ciwon baya.

Na biyu shi ne mai ɗori.

"Yaro, faɗuwa ka yi?"

"A'a Baba, busa na yi."

"Busa ai da baki ake yi. Me ya kai hannu ciki?"

Tun da dai an zo, tsohon yakan ja yatsun ɗaya bayan ɗaya don kada a ce bai yi komai ba. Ƙarar da mai koyo ke saki a lokacin ita ce sauti mafi tsabta da ya taɓa fitarwa.

Maganin gaskiya bai da armashi, shi ya sa ake zuwa gare shi a ƙarshe. A tsaya gaban madubi, a miƙe wuyan hannu, a sauke kafaɗa, a ɗan juya kai hagu a tura sarewar gaba. A sassauta yatsu, domin maɓalli taɓawa yake so. Idan sai an danna da ƙarfi sauti ke fita, to fatun da ke ƙarƙashin maɓallan ne ke yoyon iska, aikin mai gyara ne. Akwai 'yar madogara ta roba da ake maƙala wa sarewar don babban yatsa ya samu wurin zama. A kuma huta bayan kowane minti 20 ko 30.

Mutuwar yatsu da ta ƙi wucewa, ko ciwon da ke hana barci, na likita ne, kuma yakan ce a ajiye busa na wani lokaci. Maƙwabta kan karɓi wannan labari da juyayi mai ban mamaki. Har gida suke zuwa dubiya, kowa na jaddada cewa ciwon jijiya ba a yi masa gaggawa, wata tsohuwa ma ta san wanda ya huta shekara uku kafin ya warke sarai.