A Gaishe da 'Yar Kwalba, Dodon Barci

Duk wanda ya ce ɗan'adam bai ci gaba ba, a kai shi gidan mai a Amurka, a tsayar da shi gaban teburin biyan kuɗi. A nan, tsakanin cingam da batir, zai ga wasu 'yan kwalabe a jere, tsawon kowace bai wuce yatsa ba. Kurɓi biyu ta ƙare. Amma a jikinta an rubuta alkawarin da ko boka bai taɓa ɗauka ba: kuzari na awa 5 cur. Tun da aka halicci mutum barci ke yi masa fashi, sulusin rayuwa yake kwashewa, mai shekara 60 ya bar wa katifa 20. Sarakuna sun kasa da shi, malamai sun haƙura. Sai ga maganinsa a 'yan daloli kaɗan, ko firij ba ya buƙata.

Asalinta ma abin alfahari ne. Japanawa suka fara, a 1962, lokacin da kamfanin Taisho ya fito da Lipovitan D don ma'aikatan da gajiya ke neman kayarwa, a ƙasar da daga baya sai da ta ƙirƙiro kalma ta musamman, karoshi, don mutuwar da yawan aiki ke jawowa. A Tailan aka yi Krating Daeng, abin shan direbobin manyan motoci da leburori, wanda wani ɗan Ostiriya, Dietrich Mateschitz, ya ɗanɗana, ya sake masa riga, ya fito da shi a 1987 da sunan Red Bull. Amma gwanin gwanaye shi ne Manoj Bhargava, haifaffen Indiya mazaunin jihar Michigan, wanda ya lura cewa mai gajiya ba lallai ne yana jin ƙishirwa ba. Don me za a ɗora masa gwangwani guda? A 2004 ya matse abin cikin mililita 57, ya raɗa masa suna 5-hour Energy. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da kafeyin miligiram 80. 'Yar kwalba kuwa kimanin 200 take ɗauke da shi. Kafin ta cika shekara 10 ana cinikinta na kusan dala biliyan 1 a shekara. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, har da na mai.

Masu tambaya ko tana aiki su kwantar da hankalinsu. Tana yi, ko maƙiyanta ba su musa ba. Minti 30 zuwa awa guda bayan an sha, kafeyin ya gama shiga jini, ido ya washe, hannu ya ƙara sauri, hamma ta ɗauke. Yadda take yin aikin ne ya cancanci a tsaya a yi masa tafi.

Tun daga sa'ar da ka tashi da asuba, ƙwaƙwalwarka na aiki tana tara wani sinadari da ake kira adenosin. Shi ne mai bin bashi. Kowace awa ka ƙara a farke, sai ya ƙaro ɗan aike ya zo zaure ya yi sallama. In suka taru da yawa sai ido ya yi nauyi, kai ya fara rinjaya, ka biya da barci, su watse. To, kafeyin ya yi kama da adenosin a siffa, saboda haka yakan riga su shiga zauren, ya miƙe ƙafa a kan tabarmar da aka shimfiɗa musu. Ko kwabo ba ya biya maka. Ko mutum ɗaya ba ya kora. Leƙowa kawai yake yi ya ce maigida ba ya nan. Ina ka taɓa samun yaron gida mai amana irin wannan? 'Yan aike na nan a ƙofar gida suna ƙaruwa, har sun fara tare hanya, kai kuwa kana ciki kana jin kanka attajiri. Bayan kamar awa 5 hanta ta sallami rabinsa, tabarma ta fara samun wuri, sai su shigo gaba ɗaya ba sallama.

Kamfanin 'yar kwalba ya yi tallar cewa wanda ya sha ba zai ji wannan zubewar ba, sannan ya bi da ƙananan haruffa yana bayanin cewa zubewar da sukari ke jawowa yake nufi. Kwalbar kuwa ba ta da sukari. Matar da ba ta sa gishiri a miya ba ta rantse miyarta ba ta yi gishiri ba, wa zai kama ta da ƙarya?

A wajenmu ba 'yar kwalbar ce ta fi yawa ba, yayyenta ne na gwangwani da na roba, waɗanda ke cikin kowace kular ƙanƙara a kowace tasha. Jininsu ɗaya. Ni ma na ga ikonsu da idona, wani dare bayan isha'i, a motar haya daga Kaduna zuwa Kano. Ina gidan gaba. Direbanmu saurayi ne mai fara'a, yaron motarsa ya ce tun asubahin jiya da suka baro kudu bai runtsa ba. Na ce, "Malam direba, anya ba ka ɗan miƙe ba kafin mu tashi?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai ni da barci mun raba gari." Ya buɗe robar lemon ƙara kuzari, ya yaga ƙullin garin gahawa da haƙori, ya juye a ciki, ya toshe da babban yatsa ya girgiza, ya ɗaga kai. Sai da ya ga ƙarshenta ya sauke. Har Jaji hira yake yi kamar rediyo, siyasa, ƙwallo, tsadar taya. Hankalina ya kwanta.

Bayan mun wuce Zariya sai ya yi tsit. Na dube shi. Idonsa a buɗe tar, jajur, yana kallon titi kamar mai karatun allo. Ina cikin yaba masa a zuci sai na ji tayoyin dama suna cin tsakuwa, ciyawar gefen hanya na shafar ƙofata. Mata a baya suka ɗauki salati. Ya fizgo sitiyari, ya share fuska da tafin hannu, ya ce rami ya kauce wa. Na waiga, ban ga rami ba, amma dare ne, ni kuma ba direba ba.

Likitoci na da suna ga wannan, wai ɗan guntun barci ne na daƙiƙa kaɗan da ƙwaƙwalwa ke sacewa ko da ido na buɗe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato a daƙiƙa 4 ta ƙetare filin ƙwallo ba kowa a kan sitiyari. Ku duba ci gaba. A da direba sai ya yi gyangyaɗi a bainar jama'a, kai na faɗuwa, fasinja su gani su yi masa ihu. Yanzu an rufa masa asiri. Yana iya barcinsa ido biyu, cikin mutunci, ba wanda ya sani, har shi kansa.

Ba a rasa 'yan hassada. Masu bincike a Ostareliya sun nuna tun 1997 cewa wanda ya yi awa 17 a farke hannunsa da idonsa kan koma kamar na wanda ya ɗan sha giya. Cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed ta hana mutane barcin da ya wuce awa 5 a dare har kwana 5, tana ba su kafeyin miligiram 200 sau biyu a rana. Kwana biyun farko abin ya yi aiki, daga na uku kuwa wanda ya sha da wanda bai sha ba suka zama ɗaya. A 2021 kuma Jami'ar Jihar Michigan, wato maƙwabtan kamfanin ma ba su bar shi ba, ta gano cewa bayan kwanan zaune kafeyin na taimaka wa mutum ya danna maɓalli da sauri in ya ga haske, amma a aikin da ke buƙatar bin matakai ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsallake ko maimaitawa ba, yawanci kurakuran na nan yadda suke. To sai me? Wa ya yi musu alkawarin hankali? Kuzari aka ce. Ma'aikaciyar jinya da ta manta ko ta riga ta yi wa maras lafiya allura, ai da sauri za ta sake yi masa, hannunta ko nauyi ba zai yi ba.

Sai kayan haɗi, inda karamcin yake. Ban da kafeyin, an zuba taurin da wasu sinadarai masu sunaye kamar na aljanu, an kuma cika ta da bitamin. A tsohuwar takardar jikinta, bitamin B12 kaɗai ya ninka abin da ake so mutum ya samu a rana sau 80 da ɗoriya. Wanda bai rasa bitamin a jikinsa ba ƙarin ba ya sa shi wartsakewa, yawancinsa ma ta fitsari yake fita, amma wannan ai sadaka ce ga masai, ita ma tana da lada. An taɓa yin talla a talabijin, mace tsaye kusa da tulin takardu, tana cewa an tambayi likitoci sama da 3,000, kashi 73 cikin ɗari sun amince. Da aka bi diddigi, abin da suka amince da shi shi ne: in mai lafiya ya riga ya saba shan irin waɗannan abubuwa, gara ya sha maras kitsa jiki. Kamar a tambayi liman, in ya zama dole ɓarawo ya shiga gida, da takalmi ya fi ko ba takalmi, gobe a buga cewa liman ya halatta sata. Wata kotu a jihar Washington ba ta gane wannan fasahar ba. Ta ce tallar yaudara ce, haka ma iƙirarin cewa haɗin ya fi gahawa aiki, a 2017 ta ce kamfanin ya biya kusan dala miliyan 4.3. Ga mai cinikin biliyan, kuɗin goro ne.

Tunda na ambaci goro, bari in faɗi laifinsa. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin ayari zuwa Gwanja, watanni a hanya da jakuna, don su ɗauko wannan sinadarin dai, kafeyin, a cikin huhu. Amma dubi ƙauyancin abin. Sai an tauna, a hankali yake shiga jiki, yana rina haƙori, ba a rubuta masa awa nawa zai yi ba, ga shi kuma in ka fasa dole ka miƙa wa na kusa da kai ɓari. Gahawa ita ma sai an dafa ruwa, an zauna, an hura, mutum na iya ankara a tsakiyar kofi cewa ya ishe shi. 'Yar kwalba ta raba mu da duk wannan ɓata lokaci. Kafin jiki ya ce wani abu ta riga ta wuce maƙogwaro. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce a 2015 babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 200 a zama ɗaya, 400 a yini. Kwalba ɗaya ta tsaya cak a bakin iyaka, mai ƙarfin cikinsu ta ɗan leƙa zuwa 230. In hannu ya fara rawa, zuciya na dukan uku-uku, shaida ce ba jabu ka saya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take noma wa kanta kasuwa. Wani bincike da aka yi a Detroit a 2013 ya nuna miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya yana rage barcin dare da fiye da awa guda. Ka sha da la'asar don daren jiya bai ishe ka ba, daren yau ya gajarce, gobe da safe kai ne a layi. Ƙwaƙwalwa kuma in ta ga kullum baƙo na tare tabarma sai ta ƙara shimfiɗa wasu, kwalba ɗaya ta daina isa. Ranar da ka ce ka tuba, ciwon kai ya zo ya yi maka nasiha. Mai gidan burodi sai ya jira yunwa ta zo da kanta. Ita wannan da abokin cinikinta take tafe. Masu motoci da masu masana'antu ma sun huta da ɗaukar mutum biyu a aikin mutum biyu, tunda ga abin da zai tsayar da ɗaya a kan ƙafarsa, kuma daga aljihunsa zai saya.

Da ba don wata tsohuwa ba, da daren nan na ga iyakar abin. Muna shiga Tashar Yari ta ce daga baya, "Ɗan nan, tsaya zan kama ruwa." Ya tsaya. Ta sauka da butarta, ta dawo, ta wuce motar, ta zauna a bencin mai shayi, ta kwance bakin zane ta fito da goro. Ya ce, "Iya, dare na yi." Ta ce, "Na gani. Ƙafata ba za ta sake taka motar nan ba sai ka kwanta, kayana kuma suna ƙarƙashin na kowa." Aka yi lallashi, wani mai kwat ya yi Turanci, ko gezau. Na tabbata ba ta taɓa jin labarin Jami'ar Loughborough ta Ingila ba, inda aka gwada direbobi masu gyangyaɗi a 1997 aka ga kafeyin ya fi amfani in an bi shi da ɗan barcin minti 15. Jahilci ne kawai irin na mutanen da.

Direban ya ce shi ba ya jin barci, amma saboda girmanta zai ɗan kishingiɗa. Ya ɗora kai a kan buhun masarar wani. Kafin mai shayi ya gama fasa mini ƙwai yana minshari, baki buɗe, makullin mota a hannunsa. Ta hana kowa taɓa shi sai da ta cinye goronta, ta miƙa mini ɓari na ƙi karɓa. Mun shiga Kano a makare da minti 40, mu duka, har da mai kwat. Har yau ban yafe mata ba.