Masuncin Birni a Tafkin Kware

Duk Basakkwacen da ya taɓa tsayawa a gaɓar Matan Fada ranar gasar Argungu ya san irin ƙaryar da zuciya ke yi wa mutum. Ana buga bindiga, dubban mutane su ruga cikin ruwa da homa da gora, kafin awa guda ka ga ƙato ya fito rungume da giwan ruwa ana yi masa kiɗa. A bikin 2020, wanda aka farfaɗo da shi bayan an daɗe ba a yi ba, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi a sikeli. Kai kuma kana tsaye a inuwa da lemon kwalba a hannu, sai ka ji ai abin ba wuya: kifi na cikin ruwa, ruwa kuma ga shi nan. Ba ka tuna cewa Kabawa sun gaji sana'ar nan tun kafin 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu Argungu aka shirya masa kamun kifi don girmamawa. Ni abin da na gada wurin kakanni alƙalami ne da ciwon baya.

Ƙanen matata ne ya hura wutar. Yaron nan ya ƙarar da kuɗin datarsa a YouTube yana kallon Turawan Amurka suna kafa tanti a bakin tafki, suna gasa kifi, suna murmushi ba gaira ba dalili. Rannan sai ga shi da wani ƙunshi da ya ce ya samo a gwanjon Illela: tanti mai ruwan lemo, da sandar fatsa mai ɗan inji na naɗe zare.

"Yaya, mu ma mutane ne. Dare ɗaya kawai."

Muka zauna zaɓen wuri. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, ita ce mai ruwan da ya amsa sunansa, amma a wannan zamani ba mai hankalin da zai kwana a dajin gabashin Sakkwato don nishaɗi. Kwalkwalawa kuwa ta yi kusa da yawa. Nan ne hanyar jami'ar Usmanu Danfodiyo ta ratsa, inda ambaliyar 2010 ta cinye gada, kuma ni malamin makaranta ne. Ba zan so tsofaffin ɗalibaina su hango ni daga motar haya da wando a naɗe ina lallashin tarwaɗa ba. Sai muka tsaya a kan Tafkin Kware, kimanin kilomita 20 daga birni ta hanyar Illela.

Da na gaya wa uwargida, sai ta ajiye ludayi ta dube ni, ta dubi ƙanenta. Kowa a Sakkwato ya san asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Kware yake.

"Maigida, Kware za ku kwana? Da ƙafafunku?"

Na ce bakin tafki.

"To, madalla. In abin ya yi tsanani dai ba ku da nisa."

Muka isa bayan la'asar, cikin watan Janairu, hazo ya rufe gonakin rake da albasa. Garin nan ba baƙon tarihi ba ne. A nan Malam Abdussalami, almajirin Shehu, ya yi zama har ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1817, aka yi yaƙi aka ci garin a farkon 1818. Na ba surukina wannan darasi muna tafe, shi kuma yana ɗauke da kaya duka, domin ilimi ma kaya ne.

Takardar bayanin tantin da Jamusanci aka rubuta ta. Akwai dai hoton wani Bature da ya kafa shi cikin matakai huɗu, mataki na huɗu yana kwance a ciki yana karanta jarida. Mu mun tsaya a mataki na ɗaya. Sandunan ƙarfen suna haɗe da roba ta ciki, in ka cusa wannan a wancan sai na ukun ya zame ya make ka a goshi. Turakun da ake bugawa ƙasa kuwa, mai tantin na farko ya bar su can ƙasarsu. Muka karyo karan dawa muka kafa. Kafin nan yaran ƙauye sun taru sun yi da'ira, wasu har sun zauna, wata yarinya mai tallan gyaɗa ta sauke faranti ta ci kasuwa. Da muka miƙar da abin daga ƙarshe, ƙofarsa gabas take kallo, wato daidai inda iskar hunturu ke tasowa. Ya kumbura sau ɗaya, ya tumɓuke karan, ya nufi gonar albasar mutane yana birgima, yara na bin sa da ihu. Su suka kamo mana shi, suka kuma nuna mana a sa duwatsu a kusurwoyin ciki. Babbansu bai wuce shekara goma ba.

Wani dattijo da ke gyaran koma a gindin jirginsa ya daɗe yana kallonmu. Muka je muka gaisa.

"Ɗiyana, in kihi kuka so, ku bari da sahe in sayar muku. Wanga sanyi kihi ba shi tasowa."

Na ce, "Baba, mun gode, amma mu so muke mu kama da hannunmu."

"Awo," in ji shi, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Kamun yamma ba shi da dogon labari. Surukina ya wurga fatsa ta kamo kacala. Na wurga ta kamo hularsa. Tanar da muka haƙo ta ƙare a cikin ƙananan karfasa da ke zare ta daga ƙugiya ba tare da zaren ya ko motsa ba. Muka yi magariba da isha'i, muka ci burodi da kifin gwangwani a bakin tafki, ba wanda ya dubi idon wani.

Mutanen Kudu sun ɗauka Basakkwace zafi kaɗai ya sani, saboda a watan Afrilu ma'auni kan haura 40. Su zo fadama a tsakiyar hunturu. Sanyin nan ta ƙasa yake shiga, ya bi tabarma, ya bi ƙashin baya ya zauna. Na sa riguna duka, na naɗe kai da darduma. Surukina, wanda ya ce a bidiyo Turawa da gajeren wando suke kwana, ya cusa ƙafafunsa cikin jakar tantin yana karkarwa har haƙora na ƙara.

Can cikin dare sai hasken tocila ya mamaye mu, muka ji ana ɗana bindigar toka. 'Yan sintirin ƙauye ne, an kai musu labarin wasu baƙi sun kafa sansani. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, halin da ake ciki ya sa haka. Muka fito da rarrafe, ni da darduma a ka.

"Ku su wa ne? Gudun hijira kunka yi?"

"A'a, ranka shi daɗe, daga birni muke. Shaƙatawa muka zo."

"Kuna da gida?"

"Muna da."

"Da ɗaki, da ƙyaure, da bargo?"

"Ƙwarai."

"Ba wanda ya kore ku?"

Shugabansu ya haska katin aikina, ya haska fuskata, ya koma ya haska katin. Sai ya juya ga mutanensa ya ce a hankali, "Ku bar su, malamin boko na." Suka hura mana wuta da karmami kafin su tafi. Allah ya saka musu.

Da asuba, bayan salla, na ce ba zan koma wa uwargida hannu rabbana ba. Na zagaya bayan kacala inda ruwa ya fi zurfi, na ɗaura guntun burodi, na wurga da iyakar ƙarfina. Da na fara naɗewa sai na ji nauyi. Sandar ta lanƙwashe, zaren yana rawa ta ko'ina. Na ƙwala wa surukina kira. Muka haɗu muna ja, ina ta tunanin kilo 78 da yadda zan tsaya a hoto. Sai ga tarwaɗa ta ɓullo. Bayanta wata. Bayanta ƙurungu, sai wata tarwaɗar, duk a jere a jikin wata igiya baƙa. Da ƙugiya ɗaya! Surukina yana kabbara, ni kuwa har na fara tsara yadda zan ba da labarin a majalisa, ba tare da na tambayi kaina inda igiyar ta fito ba.

A ƙarshen jerin akwai wani kifi mai ƙiba, sulɓi, da ɗigo-ɗigo baƙi da ƙananan idanu, ya kwanta shiru abin tausayi. Yaron ya ce wannan nasa ne, ya sa hannu biyu ya cafke shi. Na ji wata ƙara da ban taɓa sanin tana cikin jikinsa ba. Ya yi tsalle da baya ya zauna daɓas cikin taɓo, hannuwa a sama kamar mai jiran a zuba masa ruwan wanke hannu. Minjirya ce. Masana sun ce babbarta kan saki wutar da ta haura bolt 300, alhali ta gidajenmu 230 ce, ranar da aka kawo ta. Yana ta cewa, "Yaya, ruwan nan da aljanu," ni kuwa dariya ta hana ni ɗaga shi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Jirgi ya fito daga cikin hazo, dattijon jiya na tsaye da gwangwala a hannu.

"Malam, kwana lahiya? Wanga mamari nau na."

Ashe abin da na jawo ke nan. Mamari doguwar igiya ce da ake jera mata ɗaruruwan ƙugiyoyi kusa da kusa, ba a sa musu ko tana, a shimfiɗa ta kusa da ƙasan ruwa da yamma. Kifi mara ɓawo irin tarwaɗa in ya zo wucewa da dare sai ta soke shi a jiki. Shirya ta aikin yini ne, kuma mu biyu mun dunƙule ta wuri ɗaya cikin minti biyar. Tafkin da nake gani fili ne na Allah, ashe kowane lungu da mai shi: nan mamarin wane, can gurar wane, kuma akwai Sarkin Ruwa da ke raba gardama in an shiga hurumin wani. Baƙo ko da idanu dai.

Masunta suka taru. Ba wanda ya ɗaga murya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Wani ya ƙirga kifin, wani ya ƙirga ƙugiyoyin da suka tsinke, wani ya kimanta yinin da za a ɓata wajen warware igiya. Aka yanke in sayi kifin duka, in biya kuɗin gyara. Farashin da aka faɗa ya fi na Kasuwar Daji nesa ba kusa ba, kuma a Kasuwar Daji har wanke maka ake yi a yanka. Na buɗe baki zan yi tayi, sai na hango shugaban 'yan sintirin daren jiya a cikin taron yana goge bakin bindigarsa da gefen riga. Na biya. Minjiryar ce kawai aka cire daga lissafi, wai surukina ya riga ya biya kuɗinta.

Dattijon ya lissafa kuɗin sau biyu, ya cusa a aljihun 'yar shara, ya taimaka muka naɗe tanti, ya rako mu har bakin hanya yana ɗauke da buhun kifin. Da mota ta tsaya sai ya ciro wata tsohuwar waya ya miƙa wa surukina, wanda har lokacin yatsunsa ba su gama dawowa ba.

"Sa mani lambar malam. In za ku sake tahowa ku bugo tun da rana, in shimhiɗa mamari biyu."