Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Motata Mai Ƙofa Biyu

Zuwa ga Audi TT, ƙirar 2001,
Ƙarƙashin rumfar kwano,
Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan batirinki na nan da ƙarfinsa, dalilin rubuto miki wannan takarda shi ne dangi sun zauna a kanki, kuma ni aka ɗora wa nauyin isar da saƙo. Ki kwantar da hankalinki, ba a same ki da laifin komai a kan hanya ba. Bugu ɗaya kike tashi, birkinki na ci, ba kya hayaƙi. Ƙarar da aka shigar guda ce tak: wai ba ki da zumunci.

Allah ya sani na tsaya miki. Na faɗa musu cewa ke ba motar da aka ƙera don a rage wa kowa hanya ba ce. A 1995 aka fara nuna samfurinki a baje kolin motoci na Farankfot a Jamus, jama'a suka yi ta kallo suna cewa wannan ai ado ne kawai, ba za a taɓa sayar da irinta ba. Sai ga shi a 1998 an fara harhaɗa ku a garin Gyor na ƙasar Hangari, kusan yadda aka zana ku ba tare da an rage komai ba. Na zagaya da su na nuna musu murfin tankinki na alminiyam mai kusoshi a kewaye, da zobban ƙarfe na kafofin iska waɗanda ake murzawa da yatsa biyu, da ɗan marfin da ke rufe rediyo mai tambarin sunanki. Na nuna musu yadda gabanki da bayanki suka yi kama, har mai gadin layinmu ya taɓa tambaya ta ina kike fuskanta. Yaya Babba ya saurare ni har na kai aya, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To madalla. Mutum nawa take ɗauka?"

A nan fa bakina ya mutu. Takardunki sun ce huɗu. Ni da ke mun san gaskiya. Kujerun nan biyu na baya, su kansu waɗanda suka ƙera ki yara ƙanana suka nufa da su, don duk wanda ya yi kaciya ya warke, kansa zai riƙa gogar gilashin baya. Ranar da Gwaggo ta ce in kai ta dubiya, sai da na kwantar da kujerar gaba, ta leƙa ta ga wurin, ta ja da baya ta ce ita ba ta yi wa kowa laifin da za a saka ta a nan ba. Da aka ba ta gaba kuma, zama ya yi ƙasa ƙwarai, shiga ta yi daɗi amma fita ta gagara, sai da mutum biyu suka kama ta. Surukina kuwa, mai babbar riga da zanna-bukar, a cinya ya riƙe hularsa tun daga Gwale har Tarauni, bai ce mini uffan ba, kuma har yau bai sake neman in kai shi ko'ina ba.

Abin da ya fi ƙona wa dangi rai shi ne da bakanike ya tona asalinki. Ya leƙa ƙarƙashinki ya ce ai ƙashin bayanki ɗaya da Golf 4, gidanku ɗaya, kayanku da yawa ma suna shiga juna. Wato Golf 3 ɗin nan da ke lodi a tasha, mutum huɗu a baya biyu a gaba, ga buhun masara a but, ga akuya a kan buhun, yayar babarki ce. Ita tana can tana ciyar da gidaje, ke kina nan kina ƙyamar buhun shinkafa na biyu.

Sai maganar gudu, wadda a kanta aka san ki. Injinki lita 1.8 ne mai turbo, ƙarfin doki 225, ƙafafunki huɗu duk suna ja, kuma kina kai kilomita 100 cikin ƙasa da sakan 7. A Jamus, ƙasarku ta asali, akwai manyan hanyoyin da ba a ƙayyade gudu ba, kina iya taɓa 240 ba wanda zai ɗaga miki hannu. Har ma gudun ya taɓa jawo wa 'yan gidanku magana: bayan wasu munanan haɗurra da na farkonku suka yi a gudun da ya haura 180, an kira su gyara a ƙarshen 1999 da farkon 2000, aka ƙara musu na'urar hana santsi, aka liƙa musu ɗan fiffike a baya don iska ta riƙa danne su ƙasa. Naki fiffiken yana nan lafiya. Mai wankin mota a kansa yake shanya tsumma.

Domin a nan, ranki ya daɗe, doka ta ce 100 a babbar hanya, 50 a cikin gari, tudun rage gudu kuma ya ce sifili. Tsakanin cikinki da ƙasa bai kai taƙi guda ba, kowane layi kuwa da irin tudun da matasan unguwa suka gina gwargwadon fushinsu. Sai na tsaya cak, na karkata sitiyari, na hau a kaikaice, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ina salati, kunnena na jiran ƙarar ƙarfe a kan siminti. A bayana 'yan adaidaita sahu sun yi layi suna ta oda, wani ya zuro kai ya ce, "Alhaji, in ba za ta iya ba a ɗauke ta a ka mana!" Dawakai 225, ga mai kurar ruwa ya wuce mu. Damina kuwa ba na ma son tuna ta. Da hadari ya haɗu nake neman hanyar gida.

Ga ki da tsirfar ci. An saba miki da fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya gare mu, wani lokacin ma daga galan ɗin ɗan bumburutu. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ba ta waiwayo ba. Wani harajin ma ba a gidan mai nake biyan sa ba. Kuɗin da na saye ki, ke da kika zo a 'yar Beljiyam, bai kai na Corolla ɗin maƙwabcina ba, amma shi mai faci Malam yake ce masa, ni Alhaji, kuma farashin Alhaji daban ne. Mai lemo ma in ya hango ki sai ya gyara tsayuwa.

Amma tsakani da Allah, akwai abin da ban faɗa a zaman ba, kuma kada ki bari ya fita. Rashin zumuncin nan naki ya yi mini rana. Ba a aron ki ɗaukar amarya. Ba a aiko yaro da asuba a ce in taimaka in ɗauko ragon suna daga Wudil. In an tashi daga ɗaurin aure, masu neman a rage musu hanya suna isowa su leƙa, su yi mini fatan alheri, su nufi motar wani. Sannan akwai safiyar Lahadi a sabuwar kwaltar hanyar Zariya, kafin tireloli su farka. Na sa giya ta uku, na taka, turbo ya yi ɗan fitonsa, kujera ta rungume ni ta baya, kika shiga kwana kamar an zana miki layi. A wannan lokacin ko sunan Yaya Babba ba na tunawa.

Ina kuma yi miki ta'aziyya, ko da labarin bai iso rumfa ba. A Nuwamban 2023 aka ƙera ta ƙarshe a zuriyarku, bayan shekara 25 da motoci 662,762, aka wuce da ita ɗakin ajiyar kayan tarihi na kamfanin. Masu saye sun koma wa manyan motoci masu tudu da ƙofa huɗu, masana'antar da ta haife ki ma jif take fitarwa, Q3 mai kujera biyar. Ashe Turawan ma ra'ayinsu ya zo ɗaya da na Gwaggo, sun dai fi ta jinkirin faɗa ne.

To ga hukuncin da aka yanke. An ba ni zaɓi biyu: ko in rabu da ke, ko in yi miki kishiya. Saki dai ba na yi. Don haka ina sanar da ke cewa bayan babbar salla Sienna za ta tare, mai kujera bakwai da ƙofar da ake ja. An riga an raba kwana: suna, biki, ta'aziyya, cefane da kai yara makaranta nata ne, ke kuma safiyar Lahadi taki ce, ba mai taɓa miki ita. Rumfar ba ta da faɗi, sai kin ɗan matsa jikin bango. Kayan faɗar kishiya kuwa ban manta ba: sababbin tayoyi huɗu da juyen baƙin mai, ranar Asabar in Allah ya kai mu. Ki yi haƙuri, ki karɓe ta hannu bibbiyu, kuma don Allah kada ki ce za ki yi tsere da ita a gaban mutane.

Naki har kullum,
Mai riƙe da makullinki.