Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Lasifikar Filin Jirgi

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan muryarki ba ta dishe ba. Ni ne mai farar hular nan da ya zauna a ƙarƙashinki ranar Talata, tun hantsi har bayan isha'i, ina jiran jirgin da takardata ta ce zai tashi ƙarfe 11. Sau huɗu kika kaɗa 'yar ƙararrawarki, sau huɗu kika ba mu haƙuri "saboda wasu dalilai na aiki". Kafin na huɗun na cinye kilishin da na sayo wa surukata tsaraba.

A ranar na ƙullace ki. Da na huce sai na ga ashe ke ma a duhun kike, abin da aka miƙo miki shi kike karantawa. Masu labarin suna bayan bango. Kamfani ya san jirginsa bai ma baro garin da ya kwana ba. Mai duba yanayi ya san hazo zai rufe gari da la'asar. Mai tankar mai ya san jirage uku ne a gabanmu. Mutanen hasumiya sun san jirage nawa titi zai iya ɗauka a awa guda. Kowa ya ƙulle nasa a bakin zani kamar kishiyoyin da ba sa ga maciji, mu kuma aka bar mu da ke.

Hajiya, ko a tashar mota ba a haka. Ɗan kamasho ya san motar da ke kan lodi, ya san mai bi mata, in tayar wata ta yi faci nan take zai sa ta baya ta shigo.

Ki ba ni aron kunne ki ji yadda wasu suka yi da nasu. A Turai akwai hukumar Eurocontrol da ke Burasels, ita ce ɗan kamashon sama. Duk jirgin da zai ratsa can sai ya aika mata tsarin tafiyarsa. In ta hango wani yanki na sama ko wani fili zai cika fiye da ƙarfin masu kula da shi, sai ta yanka wa kowane jirgi lokacin tashinsa, da rangwamen minti 5 kafin lokacin da minti 10 bayansa. Hikimar ita ce gara jirgi ya jira a ƙasa da inji a kashe, da ya je yana shawagi kamar shirwa a kan garin mutane yana ƙona mai. Filin Munik na Jamus kuma tun 2007 ya tara kowa a kan allo ɗaya: kamfani ya rubuta lokacin da zai gama shiri, hasumiya ta mayar masa da lokacin tayar da inji, mai loda kaya da mai mai duk suna gani.

Labarin Amurka ne ya fi burge ni, don ya taɓo asalin ciwon. A da, in kamfani ya faɗi gaskiya cewa jirginsa zai makara, sai a lissafa masa sabon jinkiri a kan wanda yake ciki, ga mari ga tsinka jaka. Wa zai faɗi gaskiya a haka? Sai kowa ya yi gum, hukuma ta riƙa raba layi da lissafin bogi. A 1998 suka fara aiki da sabon tsari: ana raba layi bisa jadawalin asali, kuma in kamfani ya soke jirgi gurbin na nan a hannunsa, ya sa wani jirginsa a ciki. Da aka daina hukunta mai gaskiya, sai bakuna suka buɗe. Ina zargin kamfanin da ya shanya ni ba mugunta ce ta hana shi magana ba, tsoron rasa layi ne.

Abin da ke ba ni haushi, mu ba baƙin jirgi ba ne. Tun 1925 jirgin sama ya sauka a Kano, kuma har yau a taswirar matuƙa sunan Kano sararin samaniyar Nijeriya yake amsawa, yana maƙwabtaka da na Yamai da na Njamena. Hazo ma ba baƙo ba ne, duk hunturu yana zuwa ba ya saɓa alkawari, amma kullum a bakinki kamar jiya aka haife shi. Mun kuma ga abin da ya faru a 2023, da yaƙi ya rufe sararin Sudan, jiragen alhazanmu suka koma zagaye. Ga shi Jidda da Madina gurbin sauka suke ba kowane jirgi. In maniyyata na zube a sansani, jirgi na wani gari, gurbi na wucewa, kuma babu mai gaya wa wani, kin san inda za a kwana.

Ba na roƙon ki hana jinkiri, wannan ya fi ƙarfinki. Ki dai isar mini da saƙo ga na bayan bango, tunda ke kaɗai ce duk suke jin muryarki: su zauna a tabarma ɗaya kowace safiya, kowa ya zazzage abin da ya sani, sa'an nan su miƙo miki lokaci mai lamba. In kin ce ƙarfe 7 na dare, zan koma gida in yi ƙailula in dawo. In kuma jirgin ba zai zo ba sam, ki faɗa tun rana na sama, motocin tasha ba su ƙare ba.

Naki mai saurare ko ba ya so,
Fasinjan kujera ta uku daga taga.

Ƙarin bayani: surukata ta tambayi tsarabarta. Na ce mata wasu dalilai na aiki ne, har yanzu ba ta amsa gaisuwata.