Mamacin da ke cika Wembley

Ranar Talata a ɗakin shan shayi na wurin aikinmu a Landan, rediyo ya saki "Adventure of a Lifetime", ƙafata ta kama motsi ba da izinina ba. Wani Bature abokin aikina, ɗan hamsin saura kaɗan, ya dire kofinsa, ya sanar da ni cewa Coldplay, masu waƙar, sun mutu. Har rana ya ba ni: 4 ga Disamba, 2015, ranar da kundin A Head Full of Dreams ya fito da kiɗansa na disko. Na ce Allah ya ba da haƙuri, na mayar da ƙafar ƙarƙashin tebur ta ci gaba da aikinta.

Kun san irinsu. Abin da ya rikita ni shi ne har yau dangin mamacin sun kasa daidaitawa kan ranar rasuwa. Wani ya ce tun 2005 aka yi ta, da fitowar X&Y. Wani ya ce ƙarya ne, a 2008 ne, da Brian Eno ya shigo suka yi Viva la Vida suna yawo da riguna irin na tsofaffin sojoji. Akwai 'yan 2011, waɗanda suka ji muryar Rihanna a Mylo Xyloto suka shimfiɗa tabarmar makoki nan take. Akwai 'yan 2014, masu riƙe da Avicii kan laifin kisa saboda "A Sky Full of Stars". Kowa da tasa takardar shaidar mutuwa a aljihu, kuma girma a wannan dangi da tsufan takarda ake samunsa. Wanda ya yi jana'iza a 2005 kallon yaro yake wa abokin aikina. Shugaban dangin kuwa shi ne mai cewa tun kafin kundin farko suka lalace, shi ɗan faifan nan Safety na 1998 kawai ya sani. Kwafi 500 aka buga na faifan. Masu rantsuwar sun saye shi a lokacin, sai an yi musu hayar jiragen ƙasa.

Na tambayi abin da ya yi ajalin mamaci. Ya lissafo da yatsu: 'yan Norway ɗin nan Stargate masu haɗa wa Rihanna kiɗa, sai Beyoncé a "Hymn for the Weekend", sai birai. Da ya zo kan birai muryarsa ta karye. Mutanen da suka yi "The Scientist", in ji shi, su ne suka koma birai a bidiyo suna tsalle a daji. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

To an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. Ba a gama raba gado ba sai ga mamaci a Amurka a Fabrairun 2016, yana tiƙar rawa a Super Bowl tsakanin Beyoncé da Bruno Mars. Kundin da ya kashe shi, wanda Adele ta tare wa hanya da farko, ya haye na ɗaya a Birtaniya. A 2017 gawa ta yi waƙa da The Chainsmokers. A 2021 ta haɗa kai da BTS na Koriya. A 2024 ta gayyato Burna Boy da Ayra Starr cikin Moon Music, ta hau dandalin Glastonbury karo na biyar a matsayin babbar baƙuwa, har ta kira Femi Kuti ya busa. A 2025 ta yi dare goma a Wembley. Masu rai ma ba kowa ke da wannan kuzarin ba.

Wa ke cikin layin tikiti? Mai makoki. Da bakinsa ya gaya mini ya je Wembley. Ziyarar kabari ce, a cewarsa, don "Yellow" da "Fix You" kawai ya je. Ya ɗaura awarwaron nan mai walƙiya da ake raba wa kowa a ƙofa, ya sayi riga, ya harɗe hannu duk lokacin da ganga ta yi zafi domin duniya ta shaida bai yafe ba. Na ce ƙafar fa? Ya ce filin ne ke girgiza.

Duk wannan raha ce. Inda ya ɓata mini rai shi ne da ya ce 2014 ta so ta ceto su, domin a shekarar auren mawaƙinsu Chris Martin da Gwyneth Paltrow ya mutu, aka samu Ghost Stories mai cike da ƙunci. Yana faɗa yana murmushi. Wato gidan mutum ya tarwatse, da 'ya'ya biyu a tsakani, shi kuma abin da ya gani a ciki shi ne za a dawo masa da fiyano mai sanyi. Da mutumin ya warware ya tashi ya taka rawa, sai ya zama maci amana. Chris Martin yana da shekara 23 aka fitar da Parachutes a 2000. So ake ya dawwama a 23, cikin ruwan sama, budurwa ta guje shi, har ranar da zai fara karɓar fansho. Mai wannan buƙata kuwa ya yi aure, ya yi tumbi, ya canja mota, gashin kansa ya yi hijira, ba wanda ya kira shi maci amana. Ƙuruciyarsa yake nema a mayar masa, ita kuwa ba a sayar da ita da tikiti.

Amma ni wani abu ne daban ya hana ni barci. A cikin ƙorafinsa ya ambaci cewa tun 2022 ƙungiyar take shimfiɗa wani dandamali a filin wasa, wanda in mutane suka yi tsalle a kansa yake tara wutar lantarki, ga kuma kekuna a gefe da 'yan kallo ke tuƙawa don cajin batir. Ya faɗe shi a matsayin abin kunya. Jama'a, rawa tana kawo wuta, muna zaune! Shekara nawa muna asarar megawat a gidajen biki? Kamu kaɗai, in ƙawayen amarya suka shiga fili, ya isa ya riƙe firjin unguwa har asuba. Ranar dina a ba masu walda. Sallar Gani a Daura a haɗa ta da babban layi kai tsaye. Uwar ango da ta ce ita ba ta rawa a zaunar da ita kan keke, a ba ta ruwan sanyi. Maroƙi ya daina cewa a yi liƙi, ya riƙa cewa saura kaɗan fanka ta tashi. Masu zama a gefe suna taɓe baki wai kiɗan zamani ya lalace, su a kawo musu bil a ƙarshen wata, tunda sun sha haske ba su taka ba.

Duk mai ɗakin taro a Kano ko Kaduna da ke son mu yi maganar hannun jari, ya nemi lambata wurin edita.