Muftan Hawan Dutse

Duk wanda ya zauna a Duvu, ko wani gari na ƙasar Mubi inda duwatsun Mandara ke tsaye a kan mutum safe da maraice, ya san cewa idan hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, turbobin ƙafa suka fito sarari, akwai wani marmari da kan motsa a zuciyar wanda ya taɓa sabawa da hawa. Tun fitinar 2014, wadda a cikinta Mubi kanta ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Oktoba, mutane da yawa suka jingine sandunansu, sai yanzu suke shawarar dutsen da za su sake farawa da shi. Amma wanda ya furta wannan niyya a majalisa, nan take zai tarar ashe garin cike yake da muftai.

Limaminsu shi ne mai ruwaya. Wannan bawan Allah bai taɓa hawa abin da ya fi bayan babur tudu ba, amma da ka ambaci Mambila sai ya ajiye kofin shayi, ya tura hula ƙeya, ya ce, "Malam, Mambila ba a shigarta da garaje." Daga nan sai ya jero isnadinsa: shi ya ji daga ƙanin matarsa, wanda ya ji daga wani direba mai jigilar Gembu, wanda shi kuma barci yake yi a lokacin, yaron motarsa ne ya gani. Abin da ke sa a kasa ƙaryata shi, yakan cakuɗa sahihi da maudu'i cikin gwaninta, domin gaskiya ne mota kan yi nishi a hawan Mayo Selbe, gaskiya ne ana noman shayi a Kakara, kuma Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi a Nijeriya. Sai ka gama gyaɗa kai ga waɗannan, sa'an nan ya shaida maka cewa ruwan alwala kan daskare tsakanin buta da hannu, har wani ladan ya kira asuba muryar ba ta sauko ba sai da hantsi. In kuwa aka yi rashin sa'a akwai wanda ya taɓa zuwa a wurin, ya yi gyaran murya zai yi inkari, sai mai ruwaya ya dube shi da tausayi, ya ce, "Wace shekara ka je, ɗan'uwa?" Ko wace aka faɗa masa, sanyin na gaskiya a shekarar da ta gabace ta aka yi.

Akwai ɗan bokon da ya yi kwas a Turai, wanda a mazhabarsa dutsen da babu ƙanƙara ba dutse ba ne. Zai kwatanta maka yadda Turawa ke ɗaura katako a ƙafa su gangaro duwatsun Suwizalan, suna neman ƙanƙarar da ta zuba da dare, mai laushin garin tuwo, alhali shi ta tagar jirgin ƙasa ya hango su. Akwai mai hisabi, wanda ke mayar da kuɗin motarka buhunan masara. Wani kuma Rumsiki yake tura ka, can cikin Kamaru, sai daga baya ka gane saƙo yake so ka kai wa bokan nan mai duba da ƙaguwa, wa'iyazu billahi. Gwaggo ita tambaya ɗaya gare ta: "Me ka ajiye a can?"

Duk waɗannan ana iya zama da su. Wanda ba na iya haƙuri da shi shi ne wanda zai bi ka Sukur, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, ya taka turbar da kakannin mutanen suka shimfiɗe da dutse, yana jefar da ledar ruwa a kanta, ya tare tsohuwa da ke hawa da dawa a ka ya ce ta tsaya a ɗauke ta hoto, ba sallama ba gaisuwa, sa'an nan ya tsaya ƙofar gidan Hidi, sarkin Sukur, yana tambaya da ƙarfi me ya hana mutanen nan saukowa su waye. Da ya san abin da Hamman Yaji na Madagali ya rubuta da kansa game da hare-haren kamun bayi da ya kai wa mutanen duwatsun nan, da ya rage murya.

Saura wani dattijo guda, wanda ladabi ya hana a ambaci sunansa, da ya sayi takalmin hawa tun bara waccan, yana shafa wa gwiwoyinsa man zafi kowane dare, yana bin majalisu yana tara fatawoyi. Bana ya tsayar da magana a kan Sukur, in Allah ya yarda, da zarar ya gama rubuta wannan maƙala, da wata kuma da yake shiryawa a kan hukuncin zaɓen sanda.